Ka saki ɗaya tukuna, sauran su jira

Ɗana, na ji saƙon muryarka har sau biyu. Kana tambaya me ya sa duk wanda ka tura wa waƙoƙinka goma a cikinmu mazauna Nashville sai ya ce ka saki ɗaya tukuna, kuma kada ka sayar wa kowa. Har ka ce ko zaman Amurka ne ya koya mana rowa. A'a, garin ne ya shiga jikinmu. Nan ce cibiyar kiɗan kantiri, na mutanen karkara masu jita da faffaɗar hula, direban tasi ma idan ya ji waƙa a rediyo tambayarsa ta farko ita ce wa ya rubuta.

Ka san Dolly Parton, wadda mahaifinka ke sa kaset ɗinta tare da na Don Williams. 'Yar nan jiharmu ta Tennessee ce, ta huɗu cikin 'ya'ya 12 na wani talaka. Kundinta mai suna Jolene ya fito a Fabrairun 1974 da waƙoƙi goma, kamar naka. Amma tun Oktoban 1973 aka tura waƙar Jolene ita kaɗai gidajen rediyo, a ƙaramin faifai. Sai da ta kama bakin mutane sannan kundin ya biyo baya, kamar mai ƙosai da ke ba ka ɗanɗano kafin ka ciro kuɗi. Matanmu na nan dariya waƙar ke ba su, wai mace na roƙon wata kada ta ƙwace mata miji. Gwaggonka ta ce da a Kano ne, an daɗe da kai lefe an huta.

A Maris 1974 aka ware ta biyu, I Will Always Love You, wadda ta rubuta don yin bankwana da ubangidanta Porter Wagoner. Duka biyun sun hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin kantiri. Na taɓa kai baƙi RCA Studio B, ɗakin ɗaukar waƙa na nan Nashville, inda aka ɗauki ta biyun. Ɗaki ne da in ka wuce ta gabansa za ka ɗauka wani ofishin ƙaramar hukuma ne.

To ga inda nake so ka buɗe kunne. Shahararren mawaƙin nan Elvis Presley ya so ya rera ta biyun, sai manajansa, Kanar Tom Parker, ya ce sai an ba su rabin haƙƙin mallakar waƙar. Dolly ta ƙi, duk da tana son Elvis ya rera ta. A 1992 Whitney Houston ta sake rerawa, ta yi mako 14 a saman jerin waƙoƙin Amurka, kason marubuci kuwa ya tafi wurin wadda ta ƙi sayarwa.

Wannan labari kowane Bahaushe da ya daɗe a nan ya haddace shi. Shi ya sa ko waƙar biki muka sa aka yi mana daga gida, sai mun rubuta wa ke da ita, mawaƙan ma har haushi suke ji, suna cewa ba mu yarda da su ba. Ni kaina da farko abin ya yi mini nauyi.

Waƙarka ta ukun nan, mai kalangu a farko, ita nake ganin za ka fara saki. Wanda ya ce zai saye duka goman, turo mini takardarsa in karanta kafin ka sa hannu. Ka gaida mahaifiyarka.