Mun kwana da ɓarawo a ofis, yanzu mu ake nema

Tambaya: Barista, ni ne shugaban 'yan sintirin unguwarmu a Bolari, cikin Gombe. Da kuɗin karo-karo muke sayen tocila da usur, ba mai biyan mu ko sisi. Daren Juma'a yaranmu suka kama wani matashi ya haura katanga, da waya biyu a aljihunsa. Muka ajiye shi a ofis har la'asar ɗin Asabar, yara suka ɗan taɓa lafiyarsa don ya faɗi abokan tafiyarsa. Yanzu mahaifinsa ya ce sai kotu ta raba mu. Ina muka tsaya?

Amsa: Alhaji, Allah ya saka da alheri. Duk wanda ya ga abin da 'yan Kalare suka yi wa Gombe ya san albarkacinku mutane da yawa suke runtsawa. Amma ba zan shafa maka zuma ba, mahaifin yaron nan yana da abin kamawa.

Kamun da kuka yi daidai ne. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta yarda kowane mutum ya kama wanda ya aikata laifi a gabansa. Sai dai ta ɗaura sharaɗi: a miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba. A nan kuka zame. Ofishinku ba caji ofis ba ne, domin sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasar nan. Su kansu, sashe na 35 ya ba su kwana ɗaya su kai mutum kotu muddin akwai kotu cikin kilomita 40. To balle ku?

Dukan ya fi damuna. Haƙƙin kare kai da dokar Final Kod ta ba ku yana ƙarewa ne da zarar ɓarawo ya shiga hannu. Bulalar da ta biyo bayan ɗauri laifin jikkata mutum ce, kuma idan don a tatsi bayani aka yi ta, dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25. Ga wani abin takaici: duk abin da ya amsa da dorina a kansa, alƙali zai iya watsar da shi. Wato da hannunku kuka rage wa shari'ar satar ƙarfi. Na sha ganin ɓarawo ya koma mai ƙara, masu gadi suna neman mai tsaya musu beli.

Mahaifin zai iya kai koke gaban majistare, ko ya nemi diyya a babbar kotu. Sunan ƙungiya ba zai rufe kowa ba. Wanda ya ɗaga hannu da wanda ya ba da umarni, kowa zai amsa nasa.

Kada ku jira sammaci. Ka je wurin DPO da kanka, tare da lauya, da wayoyin nan biyu da masu su, a rubuta abin da ya faru yadda ya faru. Daga nan ka nemi mai unguwa da liman su raka ka gidan mahaifin. Ku biya kuɗin asibiti, ku ba da haƙuri, a rubuta sulhun kowa ya sa hannu. Sulhu a kan dukan bai wanke yaron daga tuhumar sata ba, wannan hanyarta daban. Ka kuma ja kunnen yaranka, kada wani ya je ƙofar gidansu da barazana, ko ya watsa hoton yaron a WhatsApp.

Ita wannan doka ta 2020 ta tanadi kwamitocin haɗin gwiwa tsakanin 'yan sanda da jama'a. Ku nemi shiga, ku ba DPO sunayen 'yan sintirinku, ku karɓi lambar motar da ke zagaye da dare. Ku sayi littafi mai kauri, duk wanda aka kama a rubuta ƙarfe nawa ya shiga hannu, ƙarfe nawa aka miƙa shi, da sunan ɗan sandan da ya karɓa. Idan kuma akwai mai fitowa sintiri da bindigar toka ba lasisi, ya bar ta a gida tun daren yau.