Shin "baki" daga Sifaniyanci muka aro ta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina rubuta kundin digirina a kan kalmomin gefe da iyaka, sai na karanta a Facebook cewa "baki", kamar a "bakin kogi", daga boca ta Sifaniyanci, mai ma'anar baki, ta zo tun zamanin Andalus, lokacin da Musulmi suka mulki Sifaniya. Na riga na gina babi guda a kan wannan, ga ranar kare kundi ta ƙarato, hankalina ya tashi.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ɗana, ka rushe babin tun kafin malamanka su rushe maka shi.

Kiran gefen abu da sunan wata gaɓa ta jiki al'ada ce da harsuna da dama suka yi tarayya a kanta ba tare da wani ya ara daga wani ba. Bahaushe ya ce bakin kogi, Bayarabe ya ce etí odò, wato kunnen kogi, Fulanin Futa Toro suka ce daande maayo, wuyan kogi, Farisawa kuma lab-e daryā, leɓen teku. Turawan Ingila sun bi ta wajen kaifi, domin edge, wato gefe, asalinta kaifin takobi ne, kuma tushenta ɗaya da acus, allura a Latin.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne wannan cuta ta ɗaukar kamannin sauti a matsayin hujjar asali, wadda kusan kullum sai na tarar da ita a rubutun ɗalibai. Mutum bai taɓa buɗe ƙamus ba, ya ji kalmomi biyu sun fara da harafi ɗaya, sai ya ɗaura musu aure, jama'a kuma su yi ta yaɗawa. Boca jikar bucca ce ta Latin, wadda ma'anarta ta farko kumatu ce. "Baki" kuwa tana da 'yan'uwanta a harsunan Cadi, wato dangin harsunan da Hausa ke cikinsu, irin su bo ta Bolanci, kuma masu magana da su ba su jira Andalus ba kafin su san sunan abin da suke cin tuwo da shi. Kowane harshe yana da dubban kalmomi da 'yan sautuka kaɗan, saboda haka dole a yi kiciɓis. Da irin wannan shaci-faɗi ne ake ƙaga wa al'umma tarihin ƙarya, har wasu su ɗauka duk abin da ke bakinmu daga waje aka kawo mana shi.

Aro na gaskiya yana barin sawu. Dubi "haddi", kamar a "ƙetare haddi". A Larabci tana nufin kaifin takobi da iyaka da hukunci, kuma tana zaune cikin danginta, hudud da mahdud da tahdid, alhali a Hausa baƙuwa ce da ta iso ta hanyar karatun fiƙihu. Haka Sahel, daga sahil, gaɓar teku, wadda jam'inta sawahil ya haifi sunan Swahili. A kan waɗannan za ka sake gina babin, ka kai wa mai duba kundinka a wannan makon.