Tsofaffin finafinan da manyan makaɗan Turai suka fito a ciki

Ɗan'uwa, ka tambaya ko akwai tsofaffin finafinan da manyan makaɗan gargajiyar Turai suka fito da kansu, ba wani ya hau matsayinsu ba. Akwai su, musamman a shekarun 1930 da 1940.

Fara da Moonlight Sonata na 1937, wanda aka yi a Ingila. Paderewski ne a ciki, makaɗin piyanon da ya taɓa zama firaministan Poland a 1919. Ya haura shekara 70 a lokacin. Labarin ba abin a zo a gani ba ne, amma farkon fim ɗin kusan duk kiɗansa ne, kana kallon yatsun dattijon suna yawo a kan piyano.

Ni dai wanda na fi so shi ne They Shall Have Music na 1939. Jascha Heifetz, gwanin gogen Turawa, ya fito da sunansa, ya ceci makarantar kiɗan 'ya'yan talakawa da bashi ya yi wa katutu. In ya zo magana a sanƙare yake, ka san ba sana'arsa ba ce. Da ya ɗora goge a kafaɗa kuwa, sai ka manta.

In taron dangi kake so, nemi Carnegie Hall na 1947: Heifetz, da Arthur Rubinstein makaɗin piyano, da Leopold Stokowski mai jagorantar ƙungiyar makaɗa, duk suna ciki.