Me ya sa amincewa da sabon kundin tsarin mulki ke jawo taƙaddama?

Malam, ka tambayi yadda ake amincewa da sabon kundi da kuma inda ake samun cikas. Ga uku daga cikin hanyoyin: ƙuri'ar raba gardama, ko amincewar jihohi, ko majalisar tsara kundin ta zartar da kanta.

Amurka ta bi ta jihohi. Daftarin 1787 ya buƙaci jihohi 9 cikin 13. Masu adawa sun ce gwamnatin tarayya za ta yi ƙarfi fiye da kima, sai da aka yi musu alƙawarin gyara, aka kuma ƙara gyare-gyare 10 na 'yancin ɗan ƙasa a 1791.

Raba gardama ce ta fi haɗari, domin daftarin ɗungurungum ake kaɗa wa ƙuri'a, ko e ko a'a. Wanda sashe ɗaya ya ɓata wa rai zai yi fatali da duka. A Kenya an ƙi daftarin 2005 saboda ya bar wa shugaban ƙasa iko mai yawa. Na 2010, da ya raba iko ga gundumomi 47, ya wuce da kusan kashi 67 cikin ɗari. A Chile kuwa, kusan kashi 62 suka ƙi daftarin 2022 mai sassa 388, na 2023 ma bai kai labari ba. Kowanne cikin biyun ya karkata ɓangaren siyasa guda.

In kana nazarin daftari, fara da sassan wucin gadi da ke ƙarshe, wato masu tsara sauyi daga tsohon kundi zuwa sabo. A nan ake ɓoye ko wa'adin shugaba mai ci zai fara ƙirguwa daga farko.