Kakin da ke jikinki ba takardar ɗaukar aiki ba ce

Tambaya: Ina cikin mata masu raba abinci da shayi a jirgin ƙasa. Ɗan kwangila ne ya ɗauke mu, albashi sai ya ga dama, yanzu muna shirin yajin aiki. Ana ta cewa tunda kakin hukumar jirgin muke sawa, dole ta ɗauke mu dindindin. Tsoron kora ya hana ni barci. An taɓa yin haka aka yi nasara?

Amsa: An taɓa, 'yar'uwa, amma sai da aka shekara 12 ana fama. A 2004 aka ɗauki mata masu hidimar fasinja a KTX, jirgin ƙasa mai sauri na Koriya ta Kudu, ta hannun Hongikhoe, masu sayar da kayan ciye-ciye a jirage, da alkawarin za a tabbatar da su. Alkawari bai cika ba. Suka shiga yajin aiki ranar 1 ga Maris 2006, kafin ƙarshen Mayu an sallami kimanin 280.

Zancen kaki kuwa, don Allah a bar yaudarar mata da shi. Masu baza shi ba su taɓa zama gaban alƙali ba. Kotu ba ta yanke hukunci da riga ko tambarin ƙirji kaɗai. Abin da take tambaya: sunan wa ke kan takardar ɗaukarki? Daga asusun wa albashi ke fitowa? Wa ke tsara jadawalin aiki, wa ke ba ki umarni cikin tarago, wa ke iya hukunta ki? Matan KTX su 34 sun ci shari'a a 2010 da 2011, an kuma biya su albashi. A Fabrairun 2015 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin, ta ce tsaron fasinja na hannun ma'aikacin Korail, hukumar jirgin ƙasan Koriya, nasu aikin hidima ce daban da za a iya ba da kwangilarta. Aka ce kowacce ta maido kimanin won (kuɗin Koriya) miliyan 86 na albashin da aka biya ta. Ɗayarsu ta kashe kanta.

Sai a Yulin 2018 Korail ta yarda ta ɗauki kimanin 180, kuma aikin tasha aka ba su, ba na cikin jirgi ba.

Kafin ku ajiye farantai, kowacce ta ɗauki hoton takardarta, da shaidar shigar albashi, da jadawali, da duk saƙon umarnin da jami'in hukumar ya turo kai tsaye. Ku bi ta ƙungiyar ƙwadago mai rajista, ku ba da sanarwa a rubuce. Kuɗin da ƙaramar kotu ta ba ku kuma, kada a taɓa shi sai ɗaukaka ƙara ta ƙare.