Furobayotik zai hana 'ya'yan alade zawo bayan yaye?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ina kiwon aladu. Duk sa'ad da na yaye 'ya'yan, kafin mako ya zagayo sai zawo ya kama su, su rame. An ce in riƙa zuba musu furobayotik a abinci. Da gaske yana ƙarfafa garkuwar jikinsu?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Furobayotik ƙwayoyi ne masu rai, masu amfani ga hanji, da ake zubawa a abinci. Yana taimakawa, in an fara shi da wuri.

Ɗan alade ana haihuwarsa ne ba shi da sinadaran garkuwar jiki na uwarsa, domin mabiyiyar alade ba ta barin su wuce zuwa ɗan tayi. Daga dakashi yake samun su, hanjinsa kuwa yana iya tsotse su ne cikin awa 24 zuwa 36 na farko kawai. Wanda ƙannensa suka ture shi daga nono ranar farko, shi ne za ka gani a lungu yana makyarkyata bayan yaye. Wannan giɓin babu furobayotik ɗin da zai cike shi.

Idan aka yaye su a mako 3 ko 4, nono ya yanke, tare da sinadarin garkuwa na IgA da ke cikinsa mai kare bangon hanji. Ɗan ya ƙi cin abinci kwana ɗaya ko biyu, 'yan yatsun bangon hanji masu tsotsar abinci su gajarce, ƙwayoyin Laktobasilus masu amfani da ke cikin hanji su ragu. Nan ne ƙwayar cutar E. koli nau'in F4 ko F18 ke samun wurin maƙalewa, ta saki dafi, ruwa ya kwararo.

Furobayotik ƙwayoyi ne masu rai. Suna cike gurbin da mugayen za su kama, suna ƙara tsamin cikin hanji, suna kuma zaburar da ƙwayoyin garkuwa na bangon hanji su samar da nasu IgA. Turawa sun dukufa a kan furobayotik tun da Tarayyar Turai ta hana sa antibayotik a abinci don ƙiba a 2006, sannan ta hana yawan sinadarin zinki na magani a 2022.

Shawarata, ka fara ba su tun suna kan nono, cikin ɗan abincin da ake koya musu ci, ka ci gaba har mako 2 bayan yaye. Duba kwalin: wane nau'i ne, nawa ne adadin masu rai, yaushe zai lalace. Furobayotik nau'in Basilus yana jure zafin sarrafa abinci, Laktobasilus kuwa zafi da rana suna kashe shi, haka ma ruwa mai kulorin. Sakamako yana bambanta daga nau'i zuwa nau'i, don haka gwada a garke ɗaya ka kwatanta da wani.

Ɗakin yaye ya kasance busasshe, da ɗumi kusan digiri 28 a makon farko. In ka ga ido ya faɗa, ko jini a kashi, ko wani ya mutu farat ɗaya, ba su ruwan gishiri da sukari nan take, ka kira likitan dabbobi ya ɗauki kashin a gwada.