Tukunyar raku da ke tsatsar ruwa

Malam, ka ce ka sayi tukunyar raku a wurin baje kolin kayan fasaha, jikinta duk tsage-tsage, kuma da ka zuba ruwa don furanni sai ta jiƙe maka tebur. Kana tambaya ko an cuce ka. Ba a cuce ka ba, haka ake yin ta.

Asalin raku, wato wani salon gini da gasa tukwane, daga birnin Kyoto na Japan ne, a ƙarni na 16, lokacin da magini Chojiro yake gina wa Sen no Rikyu, gwanin al'adar shan shayi, kofunan shayi da hannu. Taka kuwa salon da magini Paul Soldner ya yaɗa ne a Amurka cikin shekarun 1960. Ana gasa tukunyar har zafi ya kusa digiri 1,000 a ma'aunin Celsius, a ciro ta da dogon awartaki tana ja wur, a jefa ta cikin gwangwani mai garin katako ko tsofaffin jaridu, a rufe. Sanyin da ya buge ta farat ɗaya shi ke tsattsaga ƙyallin da aka shafa wa jikinta, hayaƙi kuma ya bi tsagun ya baƙanta su. Kai ta bakin taga da safe ka duba layukan nan, sirara kamar saƙar gizo. Ni dai su nake fara nema a jikin kowace raku.

Gashin bai kai yumɓun ya toshe ba, shi ya sa take tsatsa kamar sabuwar randa. Don Allah kada ka ci ko ka sha a cikinta. In furanni kake so, saka ƙaramar kwalba a ciki, ruwan ya tsaya a kwalbar.